Yadda Ake Jinyar Wanda Haɗiya da Numfashi Suke Yi wa Wuya a Gida

Mai shanyewar ɓarin jiki, da mai cutar karkarwa ta Parkinson, da mai ciwon daji a maƙogwaro, da tsohon da ƙwaƙwalwarsa ta rikice, duk sukan kai matsayin da haɗiyar ruwa ma take zame musu aiki. A Garwa, Marwa, Ngaundare, Kusiri har zuwa Njamena, akan sallamo irin waɗannan marasa lafiya daga asibiti da zarar sun ɗan farfaɗo, sai nauyin jinyar ya koma kan mata ko 'ya'ya ko ƙanne waɗanda ba a taɓa nuna musu yadda ake yi ba. Na daɗe ina wannan aiki a gidaje, kuma abin da na fi ganin yana mayar da mutum asibiti shi ne gaggawar masu ƙaunarsa, waɗanda ba sa iya jure ganinsa da yunwa, sai su yi masa ɗura yana kwance.

Abin da ya kamata mai jinya ya sani game da jiki kaɗan ne. A cikin maƙogwaro hanya ta rabu biyu: ta gaba tana kai iska huhu, ta baya tana kai abinci ciki. Duk lokacin da mutum ya haɗiye abu, maƙoshinsa yakan yi sama, wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya na kamar daƙiƙa ɗaya. Idan jijiyoyin wurin sun raunana, ko kuma mutum yana haki har ba ya iya tsayar da numfashinsa, sai ruwa ko abinci ko yawu ya zarce huhu tare da ƙwayoyin cutar baki, ya haifar da nimoniya. Wani yakan ƙware ya yi tari a gani, wani kuwa abin yakan shige shiru babu tari ko kaɗan, sai bayan kwana ɗaya ko biyu zazzaɓi ya bayyana.

Kayan da za a tanada

Ana bukatar ƙaramin cokalin shayi, wanda yake ɗaukar kimanin mililita 5, da kofi mai faɗin baki kuma gajere, domin kada mutum ya ɗaga kansa baya idan zai sha. Ana bukatar matashin kai uku ko huɗu. Idan babu, a cika buhu da tsofaffin tufafi, ko a kifa kujerar katako a ƙarƙashin katifa ta wajen kai yadda bayanta zai zama majingina. Sai rariya mai ƙananan idanu, da injin markaɗe ko turmi da maburgi, da buroshin haƙori mai laushi irin na yara, da tsumma mai tsabta ko auduga ta asibiti, da ƙaramar tasa ta tofar da kaki, da tocila ta duba cikin baki, da mafici ko ƙaramar fanka mai caji. Ma'aunin zafin jiki da agogo mai nuna daƙiƙa wajibi ne, kuma agogon waya ya isa. Idan da hali, a sayi ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan iskar oksijin a jini, ana samunta a manyan shagunan magani. A ƙarshe a ajiye littafi da biro kusa da karnen asibiti, wato ɗan littafin da likita yake rubuta bayanin marar lafiya a ciki.

1. Gyara ɗakin

A zaɓi ɗaki mai taga wanda yake nesa da madafa. Hayaƙin itace da na gawayi, da turaren wuta, da igiyar maganin sauro, duk suna tsananta sarƙewar numfashi, saboda haka a koma ga gidan sauro. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a rataya jiƙaƙƙen zane a taga ya tare ƙura, kuma a yayyafa ruwa kafin shara, ko ma a fitar da marar lafiyan sai ƙura ta lafa. A watannin Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a Marwa da Njamena, ɗakin kwano da rana tsaka ba wurin mai haki ba ne. Gara inuwar rumfa ko gindin darbejiya, muddin akwai majingina.

2. Zaunar da shi daidai

Babu abin da zai shiga bakinsa yana kwance, ko da kurɓi ɗaya na ruwa ne, ko da rubutu ne, ko da magani ne. A zaunar da shi sosai, baya a miƙe, ƙugu a can cikin kujera ko jingine da bango, a tokare ɓangaren da ya shanye da matashi domin kada ya karkace. Kansa ya kasance a tsaye, haɓa ta ɗan sunkuyo kaɗan. Idan an bar kai ya koma baya, hanyar iska takan buɗe, kuma wannan shi ne kuskuren da aka fi yi idan mai ba da abincin yana tsaye a kansa, domin dole marar lafiyan ya ɗaga ido ya dube shi. Mai jinya ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno ko bakin gado, idonsa daidai da idon wanda yake ciyarwa ko ƙasa da shi kaɗan.

Bayan an gama, ya ci gaba da zama na aƙalla minti 30. Da dare ma kada a shimfiɗe shi samɓal. A ɗaga kai da ƙirji tare, ba wuya kaɗai ba, domin matashin da aka cusa ƙarƙashin kai kawai yana lanƙwasa wuya ne ya ƙara matse numfashi.

3. Dubawa kafin kowane ci

Haɗiyar irin wannan marar lafiya tana canzawa tsakanin safe da yamma, don haka abin da ya iya jiya ba hujja ba ne a yau. A tabbata a farke yake sosai, yana amsa magana, yana iya riƙe kansa, yana haɗiye yawunsa. A ce masa ya yi tari, a ji ko tarin yana da ƙarfi. Idan yana gyangyaɗi ko yana haki sama-sama, a jinkirta abincin har ya huta.

Gwajin farko ya fi kyau a yi shi a gaban likita ko ma'aikacin jinya tun kafin sallama, kuma idan asibitin yana da likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa, a nemi ya duba shi ya faɗi irin kaurin da ya dace. A gida kuwa, a fara da rabin cokali, a ɗora yatsu biyu a hankali a kan maƙoshinsa, a ji ya yi sama ya sauko. Daga nan a ce, “Baba, a ce aaa.” Idan muryar ta fito tas, an haɗiye lafiya. Idan ta fito da gurgura kamar mai kurkurar baki, ko idonsa ya kawo ruwa, ko numfashinsa ya sauya, ko ya yi tari, to abin ya tsaya a bakin hanyar iska, sai a dakata, a bar shi ya yi tari ya sake haɗiyewa babu komai a baki.

4. Shirya abinci da abin sha

Mutane sukan ɗauka ruwa tsagwaro shi ne mafi sauƙi, alhali ga yawancin masu shanyewar jiki shi ne mafi haɗari, domin yana gangarawa da sauri kafin murfin ya rufe. Abin da yake da ɗan kauri, mai santsi, wanda duk jikinsa iri ɗaya ne, shi ya fi tafiya a hankali. A 2015 ƙwararru na ƙasa da ƙasa suka fitar da ma'aunin kaurin abinci da abin sha mai suna IDDSI, mai matakai 8, daga 0 wato ruwa zalla zuwa 7 wato abinci na yau da kullum, kuma idan likita ya ambaci wata lamba daga ciki, a roƙe shi ya nuna kaurin da cokali. Gwajin da ake yi a gida shi ne a ɗebi abincin a cokali a karkata shi: wanda ya dace da mai raunin haɗiya sosai yakan zauna a cokalin bai zube ba, idan an karkata kuma ya sulluɓe gaba ɗaya bai manne ba. Wanda ya manne ya yi ƙarfi, zai maƙale a maƙogwaro, don haka kauri fiye da kima ma ba tsira ba ne.

Abincinmu na gida ya wadatar. Kunun gyaɗa da aka tace aka cire tsakin shinkafar, da koko mai kauri, da kindirmo, da kabewa ko dankalin Hausa da aka dafa aka murje, da ayaba ko gwanda ko avoka nunannu da aka dama, da wake da aka cire bawonsa aka dafa ya yi lugub aka tace, duk suna da kyau. Tuwon dawa ko na masakwa a yi shi ruwa-ruwa, a dama shi cikin miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa har ya zama abu ɗaya babu gudaji. Nama sai an dafa shi ya farfashe an markaɗe shi da romonsa. Kifin Binuwai da na Logon yana da amfani ƙwarai, amma a bi shi da yatsu sau biyu a cire ƙaya kafin a markaɗa. Tunda abin da zai ci kaɗan ne, a ƙara masa ƙarfi da cokalin man gyaɗa ko madarar gari ko dafaffen ƙwai da aka murje a ciki.

A nisanta shi da kilishi, tsire, gyaɗa, aya, goro, dabino, rake, busasshen burodi, shinkafa mai warwara, da duk wani tuwo mai danƙo irin na rogo. Haka kuma duk abin da ya haɗa ruwa da gudaji wuri ɗaya, kamar furar da ba ta damu sosai ba, ko garin rogo a ruwa, ko burodi a shayi, ko lemo da kankana, domin ruwan yakan riga gudajin wucewa yayin da baki yake fama da tauna.

Ruwan sha da shayi ana iya ba su kauri da garin da ake sayarwa don haka a wasu shagunan magani. Inda babu, a dafa ɗan garin masara mai laushi ko gasara a ruwan har ya yi kauri, a bar shi ya huce. Akwai abu ɗaya da ba kowa ya lura da shi ba: yawu yana tsinka kunu. Cokalin da yake shiga baki yana komawa kwano yakan sa kunun ya zama ruwa kafin a kai rabi, saboda haka a riƙa zuba kaɗan-kaɗan a ƙaramin kofi, a bar sauran a rufe.

Babban mutum yana bukatar kimanin lita 1.5 zuwa 2 na ruwa a yini, har fiye a lokacin bazara, sai dai idan likita ya taƙaita masa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda. Kunu da kindirmo suna cikin lissafin. Fitsari kaɗan mai duhu da busasshen harshe alama ce ta cewa abin da yake sha bai isa ba, kuma idan aka kasa cike gurbin ta baki, magana ta koma ga asibiti, ko dai ƙarin ruwa ko bututun ciyarwa ta hanci.

5. Ba da abincin

A kashe rediyo, a sallami yara, a bar hira. Wanda yake amsa gaisuwa da abinci a baki yana buɗe hanyar iskarsa ne. A ba shi cokali ɗaya, ba a cike ba, a ɗora a tsakiyar harshe ko ta ɓangaren da yake da lafiya, a jira maƙoshi ya motsa, sannan a ce ya ƙara haɗiyewa sau ɗaya kafin cokali na gaba. Idan yana iya riƙe cokalin da kansa, a bar shi ya riƙe, mai jinya ya tallafi hannun kawai, domin wanda yake kai wa bakinsa da kansa ya fi sanin lokacin da ya shirya.

Kada a yi amfani da butar shayi ko sirinji ko bakin gora a tsiyaya masa abu, kuma kada a toshe masa hanci don ya buɗe baki. Kada a kora loma da ruwa. Idan an kai minti 20 zuwa 30, a tsaya ko da kwanon bai ƙare ba, domin gajiya tana lalata haɗiya. Ƙananan ci sau 5 ko 6 a yini sun fi manya guda 3. A ƙarshe a haska tocila a duba kumatu, musamman ɓangaren da ya shanye, inda abinci yakan taru mutum bai sani ba, a share shi da tsumma a yatsa.

6. Magunguna

Kafin a daka kowace ƙwaya a tambayi likita ko mai shagon magani na gaskiya. Waɗanda aka rubuta LP a kwalinsu an yi su ne su narke a hankali cikin sa'o'i, kuma idan aka daka su, ƙarfin maganin yini guda zai shiga jini lokaci ɗaya. Wasu magungunan hawan jini da na ciwon sukari irin wannan ne. Wanda aka yarda a daka, a gauraya shi da cokali ɗaya na kindirmo ko ayaba, kada a zuba shi cikin kwanon abinci gaba ɗaya. Kada a sayi tiramol ko maganin barci ko ruwan maganin tari mai kodin a hannun masu talla don a samar masa barci, domin suna rage numfashi kuma suna kashe tarin da yake kare huhunsa. Kada kuma a kai shi wurin wanzami a cire beli da sunan shi ne ya tare maƙogwaro. Jinin da zai zuba ma huhu zai nufa.

7. Tsabtace baki

Wannan shi ne aikin da ake rainawa, kuma a ganina yana gaba da yawancin magungunan da ake kashe kuɗi a kansu. A goge haƙora da harshe da dasashi safe da dare, a share baki bayan kowane ci, yana zaune kansa a sunkuye, da man goge baki ɗan kaɗan. Wanda ba ya iya tofarwa kada a ba shi ruwan kurkura, a goge da jiƙaƙƙen tsumma da aka matse. Wanda ake ciyarwa ta bututu ma yana bukatar wannan, har ya fi. Idan aka ga fari-fari a harshe da kumatu wanda yake barin ja idan an goge, a nuna wa likita, akwai maganinsa.

8. Idan an saka bututun hanci

Kafin kowane ci a duba alamar da aka yi a bututun daidai bakin hanci. Idan ta matsa, ko bututun ya naɗe a baki, ko marar lafiyan ya yi amai ko tari mai tsanani, kada a zuba komai sai ma'aikacin jinya ya duba. Inda ake samun takardar gwajin tsami, ruwan da aka zuƙo ta bututun ya kamata ya nuna 5.5 ko ƙasa, alamar bututun yana cikin ciki ke nan. A ɗaga shi zaune, a tace abincin sosai, a bar shi ya gangara da kansa ba tare da an danna sirinjin da ƙarfi ba, a bi shi da ruwa mai tsabta kamar mililita 30 kafin da bayan ci. Idan bututun ya fita, ba aikin gida ba ne mayar da shi.

9. Sarƙewar numfashi

A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur yana hutawa, safe da yamma, a rubuta. Na babban mutum yakan kasance 12 zuwa 20. Idan haki ya taso, a zaunar da shi ya ɗan ranƙwafa gaba, hannayensa a kan tebur ko matashi, a kwance masa wuyan riga, a buɗe taga, a riƙa yi masa fifita a fuska, domin iska mai sanyi a kan hanci da kumatu tana rage jin shaƙewa. A ce ya ja iska ta hanci, ya fitar a hankali ta tsukakken baki. Mai jinya ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya rage mutanen ɗakin. Salati da koke-koke a kansa suna ƙara masa tsoro, tsoro kuma yana ƙara haki. A bar sirace da bargo, kuma kada a ɗiga masa mai a hanci.

Na'urar yatsa takan nuna 95 zuwa sama ga mai lafiya. Idan ta tsaya ƙasa da 92 a nemi likita, sai dai masu daɗaɗɗen ciwon huhu waɗanda akan ce a riƙe su tsakanin 88 da 92. Sanyin yatsa da jan farce da baƙin lalle suna ruɗa ta, kuma a kan baƙar fata takan nuna lamba sama da gaskiya, don haka idan ido ya ga mutum yana wahala, a gaskata ido. Wanda aka ba oksijin a gida kada ya ƙara yawansa da kansa, kada a kusanto da garwashi ko taba ko kyandir, kada a shafa masa basilin a hanci. Injin da yake tace oksijin da lantarki yake aiki, saboda haka tun ranar farko a san abin da za a yi idan wuta ta ɗauke, ko janareto a can waje nesa da taga, ko tukunyar oksijin ta ajiya.

Wanda ba ya iya juyawa a juya shi duk bayan awa 2, saboda gyambon kwanciya da kuma kakin da yake taruwa a huhu. Tarin da ya wuce mako 2 kuwa a kai kaki a gwada, domin tarin fuka yana nan a yankinmu, kuma maganinsa kyauta ne a Kamaru da Chadi.

10. Idan abu ya maƙale

Muddin yana tari da ƙarfi, a ranƙwafar da shi gaba a bar shi ya yi. Kada a ba shi ruwa, ko da yake hannun kowa can yake fara zuwa. Idan murya ta ɗauke, ba tari ba numfashi, a tallafi ƙirjinsa da hannu ɗaya, a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau 5. Idan bai fita ba, a zagayo ta bayansa, a ɗora dunƙulen hannu sama da cibiya, a ja ciki da sama da ƙarfi sau 5, a riƙa sauyawa. Ga mai ciki ko mai ƙiba sosai, a danna tsakiyar ƙirji. Kada a zura yatsa ana lalube sai an ga abin da ido. Idan ya suma, a kwantar da shi a ƙasa, a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota.

A tafi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba idan zafin jiki ya kai 38, ko numfashi ya zarce 25 a minti bai sauko ba, ko leɓe da harshe sun yi toka-toka, ko ya rikice, ko ya kasa ƙarasa jimla, ko ya yini bai iya haɗiye komai ba. A ɗauke shi a zaune cikin mota. Wanda hankalinsa ya gushe a kwantar da shi ta gefe.

11. Idan ciwo ya yi nisa

Akwai lokacin da jiki yake daina karɓar abinci, kuma tilastawa a lokacin wahala kawai take ƙarawa. A tattauna da likita a fili kan abin da bututu zai amfanar da abin da ba zai amfanar ba, a ji ra'ayin marar lafiyan idan yana iya bayyanawa. Mai son ba shi zamzam ko ruwan addu'a ya jiƙa auduga ya shafa masa a leɓe da harshe. Idan kakari ya fara, a juya shi ta gefe a share abin da ya fito. Likita yana iya rubuta morfin kaɗan don rage azabar haki, kuma a hannunsa kaɗai ya kamata a karɓa.

12. Masu dubiya da karɓa-karɓa

'Yan dubiya sukan zo da fura da lemo, kuma da wuya ƙarami a gida ya hana babba. A sami dattijo ɗaya a gidan ya ɗauki wannan nauyi, ya riƙa cewa, “Hajiya, an gode, Allah ya saka da alheri, amma likita ya ce mutum biyu kaɗai za su riƙa ba shi.” Mai mura ya yi gaisuwarsa daga ƙofa. Mutum biyun nan su koyi aikin tare, su raba dare da rana, domin wanda bai yi barci ba shi ne yake gaggawa da cokali. Duk wanda zai miƙa wa ɗan'uwansa ya rubuta a littafi abin da aka ci da yawansa, da ko an yi tari, da zafin jiki, da ƙirgen numfashi, da sau nawa aka yi fitsari, kuma a tafi da littafin tare da karne da kwalayen magunguna duk ranar ganin likita.